Cash ISA: wanne ya fi, kuma yaya ake kwatanta abin da bankuna ke bayarwa?

Maman Hanifa, Bolton:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar banki a ƙasar nan ku ba ni shawara. Tun shekarar da na fara aikin jinya a Ingila na buɗe Cash ISA, wato asusun ajiya da ba a cire haraji daga abin da ya haifa, a bankin da albashina ke shiga, duk wata ina ɗan tsakura ina zubawa, yanzu ya kai fam 14,000. Jiya da safe na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba na tsinci wasiƙarsu a bakin ƙofa, na buɗe na ga kashi 1.25 cikin 100 suke ɗora mini a shekara. Abokiyar aikina kuwa ta nuna mini nata a waya, ya haura kashi 4. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don kuɗin nan na tsayuwar dare ne. Na shiga intanet na ga lissafi iri-iri har kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara?

Baban Yusra, Leeds:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce komai, Maman Hanifa, kada ki cire kuɗin nan da hannunki. Ki jira in sauka daga mota in yi miki bayani.

Anti Ladi, Coventry:
Ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce. Haka suke yi wa tsohon kwastoma da ya yi shiru. Kashi 1.25 na 14,000 fam 175 ke nan a shekara. Da a kashi 4 yake, 560 za ki samu. Kin ga duk shekara fam 385 na wuce ki. Ki tashi tsaye.

Likita Bashir, Birmingham:
Anti Ladi ta faɗi gaskiya, amma ina so mu koma baya kaɗan, domin akwai tambayar da ta riga wannan: shin Maman Hanifa tana ma bukatar ISA?

Abin da ISA yake yi ɗaya ne: duk abin da kuɗinki ya haifa a cikinsa, hukumar haraji ta HMRC ba ta taɓa shi. Gordon Brown ne ya kawo tsarin a 1999 lokacin yana ministan kuɗi. Kowane mutum yana da damar zuba fam 20,000 a shekarar haraji guda, wato daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun da ke biye, abin da ba ka yi amfani da shi ba kuma ya tafi ke nan. To amma tun 2016 akwai wani rangwame dabam da ya shafi asusun ajiya na yau da kullum. Wanda ke biyan harajin kashi 20, fam 1,000 na farko da ajiyarsa ta haifa babu haraji a kai. Wanda ke matakin kashi 40, nasa rangwamen fam 500 ne. Na matakin kashi 45 ba shi da ko ƙwandala.

Mu ɗauki misali kawai. A ce asusun yau da kullum yana ba da kashi 4.5, ISA kuma 4.2. A kan fam 14,000 na farkon zai kawo 630, bai kai 1,000 ba, ba haraji. ISA zai kawo 588. Kin ga a hannunki asusun da ba ISA ba ya fi da fam 42. Shi ya sa nake cewa kalmar “babu haraji” kada ta ruɗe mu.

Anti Ladi, Coventry:
Likita, lissafinka daidai ne amma na shekara ɗaya ne. Ita fa ba ta daina tarawa ba. A kashi 4, fam 25,000 ne ke haifar da 1,000 cif. Nan da shekara uku ko huɗu ta kai can. Kuma kuɗin da ya riga ya shiga inuwar ISA, in ka fito da shi rana ka yi asarar inuwar da ka tara shekara da shekaru. Saboda fam 42 za ta rushe rumfar da ta gina?

Likita Bashir, Birmingham:
A'a Anti, ban ce ta fito da wanda ke ciki ba. Sabon kuɗin da za ta tara daga yanzu nake nufi. Ni kaina ISA nake yi, saboda ina matakin kashi 40. Ga nawa lissafin da waɗancan alƙaluman: fam 30,000 a kashi 4.5 zai kawo 1,350. A cire rangwamen 500, saura 850, haraji ya ɗauki 340, in tashi da 1,010. A ISA mai 4.2 kuwa 1,260 ne, duka nawa. Tazarar fam 250. Abin da ya yi mini daidai ba lallai ya yi mata ba, wannan kawai nake son a gane.

Kuma 'yan uwa masu yawan karɓar ƙarin aiki a ƙarshen mako, ku riƙa duba jimillar kuɗin shigarku. Iyakar shiga matakin kashi 40 fam 50,270 ce, tun 2021 ba ta motsa ba alhali albashi yana hawa. Mutum zai tsallaka bai sani ba, rangwamensa ya rabu biyu. Ba sai ka gaya wa HMRC ba, bankuna da kansu suke aika musu rahoto, sai dai ka ga lambar harajinka ta canja a takardar albashi.

Baban Yusra, Leeds:
To na iso. Ga dalilin da na ce kada ki taɓa. Shekara biyu da suka wuce na yi wannan kuskuren. Ina da fam 31,000 a ISA da na tara don kafin alƙalamin gida. Na ga wani banki ya fi nawa, sai na shiga manhaja na kwashe kuɗin gaba ɗaya zuwa asusun albashina, na je sabon bankin zan zuba. Na zuba 20,000, sauran ya ƙi shiga. Na kira su, matar da ta ɗauka ta ce ai da zarar na cire da kaina ya zama sabon kuɗi, iyakar shekara ta hau kansa. Na kira tsohon bankin su mayar, suka ce irin asusuna ba ya karɓar mayarwa. Ina zaune a mota a bakin makarantar su Yusra na kusa minti arba'in a waya, ba abin da ya canja. Fam 11,000 ya kwana a waje har Afrilu, kuma da na mayar da shi ya cinye mini fiye da rabin damar sabuwar shekara.

Hanyar da ake bi: ki buɗe sabon ISA ɗin, ki cike fom ɗin tiransifa a wurin sabon bankin, su ne za su je su ɗauko kuɗin daga tsohon. Daga Cash ISA zuwa Cash ISA ƙa'ida ta ce kada ya wuce ranakun aiki 15. In aka yi haka, kuɗin shekarun baya ba ya cin komai daga 20,000 ɗinki na bana. Sai dai ki tabbatar asusun da kika zaɓa yana karɓar tiransifa, don ba duka ne ke karɓa ba.

Maman Hanifa, Bolton:
Innalillahi. Baban Yusra Allah ya saka da alheri, wallahi abin da nake shirin yi yau da daddare ke nan.

Malam Sani, Bradford:
Jama'a ku yi haƙuri zan shigo da abin da ban ga an taɓo ba. Tun ɗazu ana ta kashi 4, kashi 4.5, babu wanda ya ce kuɗin ruwa ne. Maman Hanifa, ke Musulma ce. Mun baro gida don neman halal, bai kamata mu zo nan mu riƙa tseren wanda ya fi ba da ruwa ba. Haraji da aka yafe bai halatta abin da ke ciki ba.

Maman Hanifa, Bolton:
Malam, gaskiya ka faɗa, kuma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk shekara ɗan abin da suka ɗora nakan fitar in bayar ba da niyyar lada ba, kamar yadda aka taɓa ba ni fatawa. Abin da ke damuna shi ne uwar kuɗin kanta tana narkewa. Abin da fam 50 ke saya mini a kanti lokacin da na zo, yanzu ko kusa.

Hajiya Binta, Landan:
Malam Sani, ranka ya daɗe, akwai mafita, kuma a cikin ISA ɗin. Bankunan Musulunci na ƙasar nan suna yin ajiya bisa tsarin Shari'a. Akwai Al Rayan, wanda ya fara a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain, akwai Gatehouse. Kamar dai yadda muka san Jaiz a gida. Ba sa yi maka alƙawarin ruwa. Suna karɓar kuɗinka a matsayin wakilai, su juya shi a harkokin da kwamitin malamansu ya amince da su, kamar cinikin gidaje, su faɗa maka ribar da suke sa ran samu. In suka ga ba za su kai ba, sai su sanar da kai, ka zaɓi ci gaba ko ka karɓi kuɗinka. Ki shiga shafukansu ki ga irin Cash ISA da suke buɗewa yanzu, don abin yana canjawa.

Wani abu da ke rikita mu shi ne harshenmu. Da Hausa “riba” ita ce abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗi, halal tsantsa, alhali wadda Alƙur'ani ya haramta ita muke kira kuɗin ruwa. Na sha ganin mutum biyu suna musu awa guda, ashe kowa da ribar da yake nufi.

Anti Ladi, Coventry:
Ni Kirista ce, wannan sharaɗin bai hau kaina ba, amma na taɓa ajiya a ɗaya daga cikinsu saboda a lokacin su ne a saman jadawalin kwatanta bankuna. Ba sa tambayar addininka.

Malam Sani, Bradford:
Hajiya, na san da su. Abin da ya hana zuciyata kwanciya shi ne, duk sanda Babban Bankin Ingila ya ɗaga ruwa, “ribar da ake sa rai” ta ɗaga, ya sauke ta sauka. In ciniki ne na gaske, me ya haɗa shi da ruwan Babban Banki? Kada ya zama an canja wa tuwo suna.

Hajiya Binta, Landan:
Tambaya ce mai nauyi Malam, ban raina ta ba. Ga yadda na fahimta. Mahaucin da ke yanka halal a Bradford yana leƙa farashin nama a manyan kantuna kafin ya sa nasa, in ba haka ba ko dai ya rasa masu saye ko ya faɗi. Duba farashin maƙwabci bai sa namansa ya zama mushe ba. Abin dubawa shi ne yadda aka yi yankan, wato yarjejeniyar da kuma inda kuɗin ya shiga. Malaman da ke kwamitocin nan a kan wannan suka tsaya. Akwai kuma malaman da ba su gamsu ba, ban ɓoye ba. Ni dai na karanta takardun, na tambayi limaminmu, na samu natsuwa.

Malam Sani, Bradford:
Misalin mahaucin ya shige ni, amma shi mahauci yana iya faɗuwa, ke kuwa an ce in riba ba za ta kai ba ki karɓi uwar kuɗinki cif. Ina hatsarin da ke halatta riba? Zan kai wa malaminmu takardun ya duba. Duk da haka na yarda ya fi na ruwa ƙarara nesa ba kusa ba. Kuma a tuna, kuɗin da ke ISA in ya kai nisabi ya shekara, zakka na kansa, kashi 2.5. Gwamnati ce ta yafe nata.

Likita Bashir, Birmingham:
Ƙarin bayani a kan maganar Hajiya: a wurin HMRC, ribar bankin Musulunci da ruwan sauran bankuna hukuncinsu ɗaya wajen haraji. Don haka duk lissafin da muka yi a sama ya hau kansu, rangwamen 1,000 da 500 da komai.

Abba, ɗalibi a Sheffield:
Iyayena ku gafarce ni, ni ƙarami ne a nan. Amma me ya sa ake wahala a kan kashi 4? A Najeriya Babban Banki ya kai ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ba gara a tura kuɗin gida a sa a takardun lamunin gwamnati ba?

Baban Yusra, Leeds:
Abba, tambayi waɗanda suka yi haka a farkon 2023. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka saki naira a watan Yuni, kafin a ankara a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya canja fam ya kai gida, ko kashi 20 aka ba shi, in ya juyo da kuɗin zuwa fam sai ya ga ya ragu ƙwarai. In a gida za ka kashe, kamar gini ko kuɗin makarantar ƙanne, wannan magana ce dabam. Kuɗin da za ka biya haya ko kafin alƙalamin gida a Ingila kuwa, bar shi a fam.

Anti Ladi, Coventry:
Mu dawo kan tambayarta, don har yanzu ba a gaya mata yadda za ta karanta jadawalin ba. Maman Hanifa, je ki shafin intanet na MoneySavingExpert ko na Moneyfacts, can ake jera abin da bankuna ke bayarwa. Lambar da za ki kwatanta ita ce wadda aka rubuta AER a gefenta, ita ce ke nuna abin da shekara cikakkiya za ta kawo, ko wata-wata ake biya ko sau ɗaya. Na bankunan Musulunci ma ana jera su a wuri guda.

Sai ki buɗe ido a kan garaɓasa. Da yawa daga waɗanda ke saman jadawali sun hau ne da garaɓasar ɗan lokaci. A ce an rubuta 4.4, amma 0.9 daga ciki na wata shida ne kawai. Bayan wata shida kin koma 3.5, in kika haɗa shekarar kusan 3.95 kika samu. Wanda ya rubuta 4.1 ba garaɓasa ya fi shi, ga shi kuma a ƙasa a jadawalin. Wasu kuma garaɓasar ta sabon kuɗi ce, ba ta hawa kan wanda aka yi tiransifa, ke kuwa naki duk tiransifa ne. Wasu sun ƙayyade sau nawa za ki cire a shekara, kika wuce su sauke ki ƙasa warwas. Duk yana cikin ƙananan rubutun nan da muke tsallakewa. Ni ranar da na buɗe asusu nake sa ƙararrawa a waya ta ranar da garaɓasar za ta ƙare.

Maman Hanifa, Bolton:
Anti, to asusun da ake kulle kuɗi a ciki na wani lokaci fa? Na ga na shekara ɗaya, na biyu, har na biyar.

Likita Bashir, Birmingham:
Nan ne ra'ayi zai bambanta. Ruwan Babban Bankin Ingila ya tsaya a 5.25 daga Agustan 2023 har Agustan 2024, daga nan ya riƙa gangarowa, a Disambar 2025 ya sauka 3.75. Asusun da ba a kulle ba yana bin sa ƙasa, banki zai turo miki saƙo kawai cewa an rage. Wanda ya kulle kuwa ya riƙe abin da aka yi masa alƙawari. Ni zan kulle na shekara ɗaya.

Baban Yusra, Leeds:
Ni kuma ba zan ba ta shawarar kulle duka ba, Likita. Kai kana da wani kuɗin a gefe. Mu da ke kan biza, rana ɗaya za a ce sabuntawa ta zo, ga kuɗin biza ga na iyali, ko a bugo waya daga gida a ce jikin tsohuwa ya tashi, sai tikiti. A Cash ISA na kulle doka ta ba ka damar fita, amma da tara. In tarar ta kwana 180 ce, a kan 14,000 a kashi 4 wajen fam 276 ke nan. Tun Afrilun 2024 an yarda mutum ya zuba a Cash ISA fiye da ɗaya a shekara guda, muddin jimilla ba ta wuce 20,000 ba. Ta raba biyu: abin da ta tabbata ba za ta taɓa ba ta kulle, sauran ta bar shi inda hannu ke kaiwa. In ta samu wanda ake kira Flexible ISA ma ya fi, shi ne wanda za ka cire ka mayar a cikin shekarar harajin ba tare da ya ci damarka ba. Da irinsa nake da shi da ban shiga abin da na shiga ba.

Likita Bashir, Birmingham:
Na karɓi gyara. Ban yi tunanin biza ba.

Hajiya Binta, Landan:
Wani zai ji tsoron ƙananan bankunan da bai taɓa ganin reshensu a titi ba. Abin da za ki duba shi ne tambarin FSCS, hukumar da ke lamunin ajiyar mutane a bankuna. In banki ya durƙushe suna biyan mutum har fam 120,000, da 85,000 ne, aka ɗaga a Disambar 2025. Bankunan Musuluncin nan ma suna ciki. Amma lissafin a kan lasisi yake, ba a kan suna ba: Halifax da Bank of Scotland lasisinsu ɗaya, haka HSBC da first direct. Kuɗinki bai kai nan ba tukuna, Allah ya kai shi.

Anti Ladi, Coventry:
Amin. Kuma Likita, ga abin da ya ƙara ƙarfafa ni a kan maganata ta farko. A kasafin kuɗin Nuwamban 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga Afrilun 2027 wanda bai kai shekara 65 ba fam 12,000 kawai zai iya zubawa a Cash ISA a shekara, sauran 8,000 sai dai a ɓangaren hannun jari. Harajin abin da ajiya ta haifa kuma zai ƙaru da maki biyu, 20 ya koma 22, 40 ya koma 42. Ƙofar tana ƙanƙancewa, wajen kuma yana ƙara zafi. Mai hali ya shigar da abin da zai iya tun yanzu.

Likita Bashir, Birmingham:
Ga mai tara sama da 12,000 a shekara, haka ne. Yawancinmu a nan ba mu kai ba, Anti. Amma a kan kuɗin da ya riga ya shiga, ni da ke bakinmu ɗaya.

Alhaji Garba, Manchester:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Ni shekara mai zuwa in sha Allahu zan tattara in koma Katsina. Nawa ISA ɗin rufewa zan yi?

Hajiya Binta, Landan:
Ba dole ba ne Alhaji. Za ka sanar da bankin cewa ka bar ƙasar. Asusun zai ci gaba da zama, Burtaniya ba za ta ɗora masa haraji ba, kana ma iya yi masa tiransifa. Abin da ba za ka iya ba shi ne zuba sabon kuɗi bayan shekarar harajin da ka tashi ta ƙare, sai in ka dawo da zama. Yafewar kuma ta Burtaniya ce kaɗai, don haka ka nemi mai sanin harajin gida ya duba maka wancan ɓangaren.

Alhaji Garba, Manchester:
Madalla. Allah ya yi albarka Hajiya.

Maman Hanifa, Bolton:
'Yan uwa na dawo. Yau ba ni da aiki, bayan na kai yara makaranta na zauna da biro da bayan ambulan ɗin wasiƙar nan na yi lissafi. Na tsaya a kan bankin Musulunci. Abin da suke sa ran bayarwa ya ɗan gaza na saman jadawalin, na lissafa tazarar a kan kuɗina ba ta kai fam 30 a shekara ba, kuma wannan zan iya ci da shi hankali kwance maimakon in riƙa fitarwa. Zan kulle 8,000 na shekara ɗaya, 6,000 in bar shi a buɗe saboda bizarmu. Na kira su na tabbatar suna karɓar tiransifa, sun ce in tanadi lambar National Insurance, wato ta inshorar ƙasa, da lambar tsohon asusun. Baban Yusra, ban taɓa ko fam ɗaya da hannuna ba. Malam Sani, in malaminku ya duba takardun don Allah ka dawo mana da abin da ya ce.

Malam Sani, Bradford:
In sha Allahu ranar Juma'a bayan an sauko zan same shi. Turo mini takardar sharuɗɗan da suka ba ki, duka shafukan, har da ƙananan rubutun.